Yadda ake samun sassaucin haraji kan kuɗin man motar kasuwanci

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cin ribar ɗan kasuwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024. Ga mai shago a Tudun Wadar Zariya da ke sintiri da motarsa zuwa Kano ko Kaduna domin sarin kaya, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Dokar haraji ta ba shi damar rage wani ɓangare na nauyin, amma bisa sharuɗɗa.

Mene ne wannan sassauci?

Gwamnati ba ta mayar wa kowa kuɗin man da ya saya. Abin da doka ta yarda shi ne a cire kuɗin daga cinikin shekara kafin a ƙididdige ribar da za a ɗora wa haraji, kamar yadda ake cire kuɗin hayar shago da albashin ma'aikata. Idan ribar da aka lissafa ta ragu, harajin ma zai ragu.

Dokar da ke aiki a yanzu ita ce Dokar Haraji ta Najeriya ta 2025, wadda aka sanya wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, ta kuma fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026. Ƙa'idarta ita ce, ba a cire wani kuɗi sai wanda aka kashe shi kacokan domin samar da kuɗin shigar kasuwancin, ba tare da wata manufa ta daban ba. Hidimar gida da ta ƙashin kai ba sa shiga lissafi, haka nan tarar da aka ci mutum saboda karya doka.

Wace hukuma ce ke da hurumi?

Wannan ya danganta da irin rajistar kasuwancin. Kamfanin da ke da cikakkiyar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, yana biyan harajinsa ne ga hukumar tarayya ta NRS, wadda ta maye gurbin FIRS. Harajin kashi 30 cikin 100 ne na riba, kuma ana miƙa bayanan shekara cikin wata shida bayan rufe lissafin kamfanin. Ƙananan kamfanoni ba sa biyan wannan haraji, sabuwar dokar ma ta ɗaga iyakar cinikinsu daga naira miliyan 25 da tsohuwar doka ta tanada, amma duk da haka wajibi ne su miƙa bayanansu.

Wanda ke kasuwanci shi kaɗai ko da abokan tarayya, ko da ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista, harajin ɗaiɗaikun mutane yake biya ga jihar da yake zaune. Mazaunin Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru yana ƙarƙashin Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kaduna, wato KADIRS, kuma wa'adinsa ranar 31 ga Maris ne na kowace shekara. Naira 800,000 ta farko ba ta da haraji. Daga nan ake farawa da kashi 15 cikin 100, ana hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50.

Idan mota ɗaya ce ke aikin kasuwa da na gida

Nan ne yawancin 'yan kasuwa ke samun matsala, domin motar da ta je Kantin Kwari da safe ita ce za ta kai iyali biki da yamma. Kason kasuwanci kaɗai ake cirewa, kuma mai motar ne zai nuna yadda ya raba.

Ga misali. A ce mai sayar da atamfa a Tudun Wada yana shan man naira 200,000 a wata, wato naira miliyan 2.4 a shekara. Littafin tafiye-tafiyensa ya nuna motar ta yi kilomita 30,000, daga ciki 21,000 na sarin kaya ne da kai wa abokan ciniki. Kason kasuwanci ya zama kashi 70 cikin 100, wato naira 1,680,000. Idan ribarsa kafin cire wannan kuɗi naira miliyan 10 ce, yana matakin kashi 18 cikin 100, don haka harajinsa zai ragu da naira 302,400. Da a ce kamfani ne mai biyan kashi 30, ragin zai kai naira 504,000.

Da wannan kaso ake raba sauran hidimar motar, kamar juyen baƙin mai, sayen taya, gyara da inshora. Kuɗin sayen motar kansa ba a cire shi a tashi ɗaya. Ana rarraba shi a shekaru, kashi 25 cikin 100 a kowace shekara.

Shaidar da ake buƙata

A Birtaniya hukumar haraji na fitar da ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mil, wanda za a iya amfani da shi a madadin tara rasidai. A Najeriya abin dogaro shi ne ainihin kuɗin da aka kashe da takardar da ke tabbatar da shi. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci:

1. Rasidin gidan mai, ɗauke da kwanan wata, yawan lita da kuɗin da aka biya. Takardar da na'urar POS ke fitarwa na dusashewa cikin 'yan watanni, saboda haka yana da kyau a ɗauki hotonta.

2. Littafin tafiye-tafiye, inda ake rubuta ranar tafiya, inda aka je, dalilin zuwa da lambar kilomita kafin tashi da bayan dawowa.

3. Biyan kuɗi daga asusun bankin kasuwanci, ba na ƙashin kai ba, tare da takardun da ke nuna mallakar motar.

Man da aka saya a galan wajen 'yan bumburutu ba shi da rasidi, kuma da wuya jami'in haraji ya amince da shi. Doka ta wajabta adana takardun lissafi na aƙalla shekara shida. Wanda ba shi da su, hukuma na da ikon yi masa ƙiyasin haraji da kanta, kuma a ƙiyasi ba a duba nawa ya kashe a gidan mai.

Matsayin ma'aikaci mai albashi

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani da ake yanke wa haraji daga albashi ƙarƙashin tsarin PAYE ba ya cire kuɗin man da yake zuwa ofis da shi, domin zirga-zirga tsakanin gida da wurin aiki hidimar kansa ce. Amma idan ma'aikatarsa ta tura shi aiki, ya sayi mai, aka mayar masa da abin da ya kashe bisa rasidi, wannan kuɗi ba albashi ba ne, ba a ɗora masa haraji.

Idan kuwa kamfani ya ba ma'aikaci mota yana hidimar kansa da ita, doka na ɗaukar hakan a matsayin ƙarin amfani, ana lissafa kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen motar a matsayin kuɗin shigarsa na shekara. Motar naira miliyan 20 za ta ƙara naira miliyan ɗaya a kan abin da ake yanke masa haraji. Wannan ya shafi daraktan da ke karɓar albashi a kamfaninsa.

Idan hukuma ta ƙi amincewa

Mai biyan haraji na da kwana 30 daga ranar da ya karɓi takardar ƙiyasi ya rubuta ƙorafi ga hukumar da ta yi shi, yana bayyana dalilansa tare da haɗa shaidu. Idan ba a daidaita ba, yana iya garzayawa Kotun Sauraron Ƙararrakin Haraji, wadda reshenta na shiyyar Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Wanda ya bari wa'adin ya wuce bai ce uffan ba, ƙiyasin ya tabbata a kansa, ko da rasidansa na nan cike da jaka.