Zaɓen antibairos na kyauta mara nauyi ga tsohuwar kwamfuta: bayani ga ɗaliban Jazira da Shuɗin Nilu

Antibairos manhaja ce da ke gadin kwamfuta. Duk fayil ɗin da ya shigo sai ta duba shi, ta gwada shi da jerin alamomin miyagun manhajoji da ta sani, sannan ta sa ido kan halayen duk abin da ke gudana a cikin na'urar. In ta ga abin zargi sai ta killace shi ko ta goge. Ko da kyauta aka same ta, wannan gadi yana da kuɗinsa: yana cin ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, yana shan batiri, kuma yana cin data wajen sabuntawa. Idan aka ce antibairos mara nauyi, ana nufin wadda za ta yi gadin ba tare da ta durƙusar da kwamfutar ba.

Shawarwarin da ake karantawa a intanet galibi an rubuta su ne ga mai sabuwar na'ura da intanet da ba ya yankewa. Ba haka lamarin yake ba a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ko a ƙauyukan Hausawa da ke tsakanin Wad Madani, Sinnar, Sinja da Damazin. Kwamfutar da ɗalibi ke iya saya a nan ta hannu ce, RAM ɗinta gigabait 4, wani lokaci ma 2. Wuta ba ta tsayawa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula al'amura: Wad Madani ta fita daga hannun sojoji a Disambar 2023 ba ta dawo ba sai Janairun 2025, kuma a Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. A irin wannan hali littattafan jami'a, karatun tafsiri da hotunan takardun shaida duk ta filash da katin waya suke yawo. Ta nan ne kuma bairos ke shiga, shi da manhajojin da aka fasa.

Wadda ke cikin kwamfutar tun asali

Mai Windows 10 ko 11 yana da antibairos tun kafin ya je nema. Sunanta Microsoft Defender, ana samun ta a ƙarƙashin Windows Security. Ba ta neman kuɗi, ba ta talla, ba ta ƙarewa bayan kwana 30. A shekarun baya an raina ta, kuma da gaskiyar masu rainin, amma ta canza. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana auna irin waɗannan manhajoji ta fuska uku, kariya da sauri da sauƙin amfani, kowace fuska maki 6, kuma a 'yan shekarun nan Defender tana yawan kasancewa a sahun gaba. Ga mafi yawan ɗalibai, a ganina, ita ce amsar: babu abin da za a ƙara wa na'urar da ta riga ta gaji.

Sai dai a tabbatar tana nan kuma a kunne take. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki daga 1997 zuwa Oktobar 2017, kuma shekaru ashirin na wahalar sayen manhajar asali sun sa an saba da kwafin Windows da masu gyara ke ɗorawa. Wasu daga cikin irin waɗannan kwafi an yanke musu Defender gaba ɗaya don su yi sauri. Wasu kuma mai gyaran ne ya kashe ta don ya samu damar fasa Office, ya manta, ko ya ƙi, mayar da ita. Buɗe Windows Security ka duba. In ka ga alamun kore, lafiya. In shafin ya ƙi buɗuwa sam, to ƙofar gidanka a buɗe take kwana.

Rauninta, da yadda ake rage shi

Defender tana dogara sosai da tambayar cibiyar Microsoft ta intanet game da fayil ɗin da ba ta sani ba. Cibiyar AV-Comparatives da ke Innsbruck a ƙasar Ostiriya tana buga sakamako iri biyu, abin da manhaja ta kama tana haɗe da intanet da abin da ta kama babu shi, kuma a na biyun Defender takan faɗi ƙasa da Bitdefender da Avast. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wanda ke yin mako bai ga sabis ba.

Maganin farko shi ne a ɗauko mata sabuntawa a hannu. Microsoft yana ajiye jerin alamomin bairos a fayil guda mai suna mpam-fe.exe, wanda girmansa ya haura megabait 100. Mutum ɗaya in ya shiga gari ya samu intanet mai ƙarfi, sai ya sauke shi daga shafin Microsoft ɗin kansa, ya zuba a filash mai tsabta, kowa ya danna shi sau biyu a kwamfutarsa. Akwai na 32-bit akwai na 64-bit, a lura kada a ɗauko wanda bai dace ba. Makaranta ko ofishin masallaci mai kwamfuta uku ko huɗu zai iya mayar da wannan aikin mako-mako, kamar yadda ake aika yaro cajin waya.

Sauran na kyauta

Kwamfutar shagon buga takardu, wadda filash ashirin ke shiga cikinta a yini, ta cancanci a yi mata tunani dabam. Bitdefender Antivirus Free, ta wani kamfanin Romaniya, shiru take aikinta kuma tana kamu da kyau ko babu intanet, amma sai an buɗe asusu da imel kuma ana bukatar intanet wajen ɗora ta. Avast da AVG kusan abu ɗaya ne a riguna biyu, tun da Avast ya sayi AVG a 2016, kuma yanzu su da Avira duk suna ƙarƙashin kamfanin Gen Digital. Suna kamu, amma suna da surutu: kullum saƙo na cewa kwamfutarka na cikin haɗari, ka sayi ta kuɗi. Ya kamata mai karatu ya san cewa a Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sanar da cewa Avast zai biya dala miliyan 16.5, saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun reshensa Jumpshot. Kaspersky na Rasha yana da ƙarfi a gwaje-gwaje, amma Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro. Malwarebytes na kyauta ba mai gadi ba ne, mai shara ne: sai ka kira shi yake bincike.

Duk wadda aka zaɓa, guda ɗaya ta isa. Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya faɗa suke yi, kowa na binciken ɗan'uwansa, kwamfutar kuwa ta tsaya cak. Idan aka ɗora wata, Defender da kanta take ja da baya. In kwamfutar ta zo da McAfee ko Norton na gwaji da wa'adinsa ya ƙare, a cire shi gaba ɗaya don Defender ta koma bakin aiki. Hanyar gane nauyi kuwa mai sauƙi ce: a buɗe Task Manager, a dubi yawan RAM da ake ci kafin ɗorawa da bayanta, a kuma ƙirga daƙiƙun da na'urar ke ɗauka kafin ta tashi.

Bairos ɗin filash

Wanda ya fi addabar ɗalibai shi ne mai mayar da folda gajeriyar hanya. Ka sa filash, ka ga sunayen foldodinka suna nan amma kowace da 'yar kibiya a gefe. Kada ka danna, dannawar ce ke tayar da shi. Fayilolinka ba su ɓata ba, ɓoye su aka yi. A fara bincike filash ɗin da antibairos, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta wannan, a sa harafin filash ɗin a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldodin gaskiya za su bayyana, sai a goge masu kibiyar. Manhajar Smadav ta Indonesiya, wadda ta yi suna a shagunan kwamfuta na arewacin Najeriya, don irin wannan aka yi ta. Mataimakiya ce kawai, ba ta maye gurbin babban mai gadi.

Wanda ya fi wannan muni shi ne mai garkuwa da fayiloli, wanda ke kulle su da mabuɗin sirri ya nemi kuɗin fansa. Nau'in da ake kira STOP ko Djvu ta manhajojin da aka fasa da wasannin sata ya fi yaɗuwa. In mai gyara ya ce sai ka kashe antibairos kafin wata manhaja ta hau, wannan kaɗai ya isa dalilin barin ta. LibreOffice kyauta ce ta halal, kuma tana buɗe takardun Word da Excel. Antibairos na iya cire bairos ɗin bayan ya yi ɓarna, amma ba ta buɗe abin da ya kulle. Don haka kundin kammala karatu da hotunan takardun shaida su kasance da kwafi na biyu a filash da ba a yawo da shi.

In Windows ɗin ya tsufa

Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, ta 8.1 a Janairun 2023, ta Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktobar 2025, ko da yake ya ce Defender da ke kan Windows 10 za ta ci gaba da samun alamomin bairos har Oktobar 2028. Antibairos ba ta gyara katangar da ta tsage. WannaCry, wanda ya bazu a ƙasashe sama da 150 a Mayun 2017, ta wata ɓaraka ya bi wadda aka riga aka fitar da maganinta tun watan Maris, ya kama waɗanda ba su sabunta ba. Windows 11 kuwa yana bukatar RAM gigabait 4 da guntun tsaro na TPM 2.0, abin da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Mai irin wannan kwamfuta yana da zaɓi biyu: ya bar ta ga rubutu da karatu, ya daina shiga imel ko harkar banki da ita, ko kuma ya sa a ɗora masa Linux Mint ko Lubuntu. Dukansu kyauta ne, suna tafiya a kan ƙaramin RAM, kuma bairos ɗin gajeriyar hanya ba ya aiki a kansu.