Walda, Inji da Wutar da Ke Ja

Duk wanda garmar shanunsa ta karye a Fakku ana tsakiyar huɗa, ko amalankensa ya tsage a hanyar kasuwar Kebbe ko ta Tambuwal, tambayarsa ɗaya ce: ina mai walda? Ni kuwa wannan "mai" ɗin ne ya daɗe yana tsaya mini a rai.

Kalmar daga Turanci ta zo, welder, kuma a can mutum take nufi, ko injin da yake aiki da shi. 'Yan'uwanta da suka shigo Hausa duk sun riƙe matsayinsu. Tela mutum ne, kafinta mutum ne, haka direba da birkila. Ba wanda ke cewa mai tela. Walda ce aka raba da mutum aka mayar da ita aiki, har ta zama mace: waldar ta kama, waldar ta saki. Da aka waiwaya aka ga mai yin ta ba shi da suna, sai aka jingina masa "mai", kamar mai faci da mai shayi. Da Bature zai saurare mu da kyau, sai ya zaci ubangidan ma'aikacin muke nema.

A Turancin ma tana da tarihi. Tushenta wata tsohuwar kalma ce mai nufin tafasa ko ɓuɓɓugowa, irin ta ruwan marmaro. Idan aka ƙetara zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi, allon shago soudure zai ce, daga kalmar Latin mai nufin ƙarfafa abu ya zama dunƙule. Mutumin Ingila ya raɗa sunan ƙarfe yana kan narkewa, na Faransa ya jira sai da ya huce.

To me ya hana mu ce mata ƙira kawai? Maƙeri ya iya haɗa ƙarfe biyu da gawayi da zuga-zugi da masaba tun kafin a san lantarki. A ganina dalilin ba a ƙarfen yake ba. Ƙira gado ce, tana da gidaje da Sarkin Maƙera. Walda kuwa ɗan kowa yana zuwa wurin oga ya koya. Sana'ar da ba ta da kaka, sai aka bar ta da sunan aro.

Sai abin aikin. A rediyo na'ura ne, a bakin titi inji. Na'ura Larabci ce, sunan ƙatuwar ƙafar katakon nan mai juyawa tana ɗebo ruwan kogi, irin waɗanda har yau suke birnin Hama na Siriya. Inji shi ma abu mai motsi muka sani, na niƙa ko na ban ruwa. Abin dariya, tsohon injin walda ba abin da ke juyawa a cikinsa. Taransifoma ce kurum, waya naɗe a kan ƙarfe, tana rage bolt tana ƙara amfiya. Mai motsin shi ne janaretan da ke ba shi wuta, wanda sau da yawa ake ce wa lista, sunan kamfanin Lister na Ingila da ya zama sunan kowane injin dizal mai bugawa a hankali.

Mai saye a yau tsakanin abu biyu yake zaɓe. Akwai naɗin gida: nauyi, juriya, kuma idan ya ƙone a sake naɗa shi. Aibinsa, wayoyinsa kan kasance tsirara, kuma in rufin da ya raba naɗin shiga da na fita ya lalace, bolt 230 na layi yana iya biyowa har mariƙin da ke hannun mutum. Akwai kuma inbata, wadda yaro zai rataya a kafaɗa, ba ta cin wuta sosai, amma ƙura da gyara su ne matsalarta. Manyan lambobin da ake mannawa a jikin kwali ba su ne abin dubawa ba. A duba ƙaramin allon jikin inji: in an rubuta kashi 60, nufinsa minti 6 na aiki cikin kowane 10, sauran hutu ne.

Sandar waldar kuma da geji ake kiranta, kuma lissafin a juye yake. Geji 12 ta fi geji 10 siranta: ta farko wajen milimita 2.5, ta biyu 3.2. Ƙofa da taga da gyaran baro ba su cika wuce waɗannan biyun ba, kuma amfiya 130 ta ishe su.

A jikin sandar ne na tsinci kalmar da ta fi burge ni. Ɓawon nan mai kama da busasshiyar laka, wanda wani ɗan Suwidin, Oscar Kjellberg, ya yi wa rajista a 1907, aikinsa kare narkakken ƙarfe daga iska. Sunan irin wannan abu a tsohuwar Hausa sinadari, daga Larabci nushadir, gishirin da masu aikin dalma da azurfa ke sawa don haɗi ya kama. Yau sinadari ya shiga miya, ya shiga taki da sabulu, har mun manta cewa a maƙera ya fara sauka.

Yanzu wuta. Kalma ɗaya muke da ita ga ta murhu da ta waya, amma aikatau ya raba su. Wuta ta kama, gobara ke nan. Wuta ta ƙone shi, an san ciwon. Wuta ta ja shi kuwa, lantarki ne kaɗai. Wanda ya fara faɗin haka ya lura da kyau. Wutar layi tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, tana ɗaure tsoka, kuma tsokar da ke dunƙule hannu ta fi mai buɗe shi ƙarfi. Kimanin kashi 2 cikin 100 na amfiya ɗaya ya isa ya hana babban mutum sakin abin da ya riƙe. Shi ya sa ba a kai hannu ga wanda ta ja. A kashe inji, ko a ture shi da busasshen icce.

Suna ɗaya ne nake da ƙorafi a kansa. Banda wayar mariƙin sanda, waya ta biyu, wadda ake maƙalawa a jikin aikin, Turawan Ingila "ƙasa" suke ce mata, masu walda kuma suka gaji sunan. Ƙarya sunan yake yi. Ba kariya ba ce, hanyar komawar wuta ce, kuma duk amfiyar da ta fita ta nan take dawowa. Na sha ganin an jera guntayen rodi da ƙafar tsohon gado a ƙasa a madadinta, ga damina, ga yaro tsugune da silifa jiƙaƙƙe. Wurinta jikin aikin, kusa da inda ake walda. Wayar ƙasa ta gaskiya daban take, daga gangar jikin inji take tashi.

Akwai kuma abin da ya kamata a ce yana da suna a bakin kowane ɗan koyo. Lokacin da tartsatsi ke tashi, wutar ba ta wuce bolt 20 zuwa 30. Da an ɗaga sanda, inji ya yi shiru, sai ta haura 50 zuwa 80. A daidai lokacin ne ake sa hannu a canza sanda, da gumin watan Afrilu a tafi, ba safar fata, ba busasshen katako ƙarƙashin ƙafa. Da za a ba ni raɗin suna, wutar kwanto zan ce mata. Wasu inbatocin suna da abin da ke sauke ta ƙasa sosai idan ba a aiki.

Don haka Malam, ranar da ka shiga Sakkwato sayen inji, kafin ka taya, tambayi mai shago bolt nawa yake fitarwa idan yana zaune ba a walda, kuma ka ce ya nuna maka a rubuce a jikin allon.