Yadda Ake Haɗa Shayin Ganye A Gida Ba Tare Da Ya Yi Ɗaci Ba

Bayan ruwa, babu abin sha da ake sha a duniya kamar shayi, abin da ya sa a shekarar 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga watan Mayu ta kowace shekara a matsayin Ranar Shayi ta Duniya. A Nijeriya da wuya a shiga gari a rasa teburin mai shayi a bakin tasha ko kasuwa. Sai dai mafi yawan abin da ake sha a gidaje shayin 'yar jaka ne, wanda jama'a suka saba kira Lipton ko da wani kamfani ne daban ya yi shi. Shayin ganye kuwa, wanda ake saye a kwali ko a awo a riƙa ɗiba da cokali, mutane da dama sun gwada shi sun bari, suna kukan ɗaci. Galibi ɗacin daga hannun mai haɗawa yake fitowa.

Ganyen da ire-irensa

Baƙin shayi da koren shayi duk daga tsiro ɗaya suke, wanda masana ke kira Camellia sinensis, asalinsa daga kudu maso yammacin ƙasar Sin da yankunan da ke maƙwabtaka da ita. Sarrafawa ce ta raba su. Idan aka tsinko ganye aka murje shi aka bar iska ta ratsa shi, sai ya rine ya yi duhu, kamar yadda goro ke sauya launi bayan an ɓare shi an ajiye. Wannan shi ne baƙin shayi. Koren kuwa, da an tsinko shi ake gasa shi ko a turara shi, don kada ya samu damar rinewa.

Sin da Indiya ne kan gaba wajen noma shi, Kenya kuma ta yi fice wajen fitar da baƙin shayi zuwa kasuwannin duniya ta tashar Mombasa. A Nijeriya ana noma shi a Kakara da ke kan tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda sanyi da yawan ruwan sama suka dace da shi.

Mai saye ya dubi girman ganyen. Wanda inji ya niƙa ya zama ƙananan ƙwayoyi yana sakin launi da ƙarfi nan da nan, shi ya sa ya fi dacewa da madara. Ganye mai tsawo wanda aka naɗe yana buƙatar fili a cikin ruwa don ya buɗe, a hankali yake sakin ƙanshi, kuma ana iya sake jiƙa shi.

Ruwa da zafinsa

Duk da cewa ana cewa "dafa shayi", ganyen jiƙa shi ake yi a ruwan zafi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba ganye a tukunya a bar shi yana tafasa a kan wuta minti goma ko fiye. A cikin ganyen akwai sinadaran da ake kira tanin, masu bauri da kama harshe. Ƙanshi shi ke fara fita, tanin kuma yana ci gaba da tsatsowa muddin ganyen na cikin ruwa mai zafi, har ya danne komai. Daga nan sai a yi ta ƙara sukari don a kashe ɗacin.

Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu, digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyas. Koren shayi ba ya jure hakan. Digiri 70 zuwa 80 ya ishe shi. Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana iya haɗa kashi uku na tafasasshen ruwa da kashi ɗaya na ruwan sha mai tsabta wanda bai ji wuta ba, zai samu kusan digiri 80. Mazauna wurare masu tudu irin su Jos ruwansu yana tafasa ne a kusan digiri 96, don haka yana da kyau su ɗauraye butar da ruwan zafi kafin su zuba ganye, kada sanyin butar ya ƙara rage zafin.

Irin ruwan ma yana da tasiri. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse mai yawan ma'adinai yakan dusashe launin shayi, ya bar wata yana-yana a samansa. Ba ta cutarwa, amma takan rage daɗi.

Awo da lokaci

Cokalin shayi ɗaya cike, wato giram 2 zuwa 3, shi ne awon kofi ɗaya mai cin mililita 200 zuwa 250. A sa ganyen a buta, a zuba ruwan a kansa, a rufe. Baƙin shayi minti 3 zuwa 5, koren minti 2 zuwa 3. Mai ƙananan ƙwayoyi ya fi saurin yi. Idan lokaci ya cika a tace shi duka da rariya, kada a bar saura a kan ganyen. Mai son shayi mai ƙarfi ya ƙara ganye, ya bar lokacin yadda yake. Haka kuma wanda zai zuba a fulas don sahur ko tafiya ya tace tukuna, domin ganyen da ya kwana a fulas ɗaci kawai zai bayar.

A nan ne tattalin shayin ganye yake. Ganye mai kyau, musamman kore, yana ɗaukar jiƙo biyu ko uku a zama ɗaya, ana ƙara kamar minti ɗaya a kowane karo. Amma jiƙaƙƙen ganye kada ya kwana, balle a lokacin zafi.

Kayan ƙanshi ne ke buƙatar tafasa. Citta, kanumfari, kirfa, kimba da masoro ba sa sakin ƙarfinsu sai sun ji wuta, saboda haka a fara tafasa su minti 5 zuwa 10, a sauke, sannan a zuba ganyen. Na'a-na'a a ƙarshe ake sa ta. Madara da lemun tsami ba sa haɗuwa a kofi ɗaya, madarar tsinkewa take yi.

Shayin Buzaye

Akwai shayin da aka gina shi a kan tafasawar da gangan. Abzinawa da sauran mazauna Sahel, daga Agadas zuwa Mali da Muritaniya, suna dafa koren shayin Sin, sau da yawa wanda aka dunƙule kamar ƙwayoyin harsashi, a 'yar buta a kan gawayi. Ana zuba sukari da yawa, a yi ta juye shi daga sama tsakanin buta da finjali har ya yi kumfa. Sau uku ake dafa ganye ɗaya: na farko mai tsananin ƙarfi da ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi da sauƙi. Ana shan sa ne a ƙananan finjalai, kurɓa biyu ko uku, cikin hira. Wanda ya dafa shi haka ya cika babban kofi ya shanye, ya sha abin da aka tanada don mutum huɗu ko biyar.

Abin lura ga lafiya

Tanin yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga wake, hatsi da ganyaye, kuma da wannan sinadari jiki ke haɗa jini. Masu juna biyu, ƙananan yara da masu fama da ƙarancin jini ya kamata su bar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bai wa mata a wurin awon ciki da ruwa ake haɗiye su, ban da shayi.

Kofin baƙin shayi na ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50 na sinadarin kafeyin mai hana barci, kuma yana ƙaruwa idan jiƙon ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu juna biyu da ke shan fiye da miligiram 300 a rana da su rage. A shekarar 2016 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin hanyar abinci ta maƙogwaro. Zafin ne abin gudu, don haka a bar kofi ya ɗan huce.

Ajiya

Ganyen shayi yana zuƙar danshi da warin duk abin da ke kusa da shi. Idan aka ajiye shi kusa da daddawa, busasshen kifi ko sabulu, za a ji su a kofi. Gwangwani mai murfi da ke rufuwa ruf, a wuri mai inuwa nesa da murhu, shi ya fi. Kwalbar gilashi a bakin taga tana barin rana ta kashe ƙanshin. Baƙin shayi yakan kai shekara biyu a irin wannan ajiya, koren kuwa gara a ƙarar da shi cikin wata shida zuwa shekara. Da damina a riƙa ɗiba da busasshen cokali, ganyen da ya fara warin rima ko ya yi fumfuna kuma a zubar da shi.