Sarauniyar Lugu: Tsakanin Majigi da Takardun Faransa

Wani mai sarin atamfa daga Maraɗi ne ya ja ni cikin wannan magana a Kantin Kwari. Yana jiran 'yan dako su ɗaure masa dila, sai ya tambaye ni ko Kanawa sun san fim ɗin Sarauniya. Mu da muka tashi da finafinan Indiya a Plaza ta Fagge da Eldorado ta Sabon Gari, ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa jin sunansa.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, shi ya shirya shi a 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. A Nijar aka so ɗauka, amma hukumomin zamanin Shugaba Kunce suka janye, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. Shi ya sa sarauniyar Azna, wadda Aï Keïta ta fito a matsayinta, take magana da Julanci maimakon Hausa. A 1987 fim ɗin ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.

Akwai gardama kan labarin da fim ɗin ya ɗauko, wato abin da ya faru a Lugu, ƙasar Dogon Dutsi, ranar 16 ga Afrilu 1899. Rundunar Faransawa ta Kyaftin Voulet da Chanoine ta taso tana ƙone garuruwa. Rahoton Faransawa ya ce sun ci garin, an kashe musu mutum 4, sun harba harsashi wajen 7,000. Littafi da fim kuwa sun nuna Sarauniya Mangu ta karya lagon rundunar, har tsoron asirinta ya bi sojoji ya hana su barci.

Ni dai na fi karkata ga cewa an ci garin, amma ba a ci matar ba. Ta shige kurmi da mutanenta, ba a kama ta ba, ba ta kuma yi mubaya'a ba. Wanda ya zubar da harsashi 7,000 a kan masu kwari da baka, ai ya ji jiki, ko da alƙalaminsa bai amsa ba. Sai dai cewa ita ta rusa rundunar, wannan gishirin marubuci ne, domin bayan Lugu ne suka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu.

Ƙarshen Voulet da Chanoine ya zo da sauri. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faris ta turo ya karɓe ragamar. Kwana uku ba su wuce ba sojojinsu baƙaƙen fata suka harbe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa.

Da na kai nan a bayanin da nake masa, Bamaraɗen ya ɗaga kai daga lissafinsa ya ce a garinsu kowa ya san asirin Sarauniya ne ya juya bakin bindigogin. Ban ja da shi ba. An riga an ɗora dilarsa a kura.