Tarihin Karanta Wikipedia Ba Tare Da Intanet Ba

Sa'ad da aka buɗe Wikipedia cikin watan Janairu na 2001, niyyar masu ita ita ce kowane ɗan Adam ya sami ilmi kyauta. Amma fa kyautar tana da sharaɗi, gama ba mai isa gare ta sai wanda ya ke da intanet. Makasudin wannan takarda shi ne a nuna yadda aka kewaye wannan sharaɗi, da abin da aka rasa wajen kewayewar.

Jamusawa na cikin waɗanda suka fara. Cikin 2004 wani kamfanin ɗab'i na Balin, mai suna Directmedia, ya juye Wikipedia ta Jamusanci a faifan CD, shekarar da ta biyo kuma ya fitar da ita a DVD. Daga baya ya shirya wani tsarin ajiya da ya kira Zeno. Wannan tsari ne aka gyara ƙarƙashin shirin openZIM, aka sa masa suna ZIM, watau Zeno da aka kyautata.

To, ajiya ba ta da amfani in ba mabuɗi. Cikin 2007 wasu mutum biyu, Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin wanda ke aiki a Mali, suka fito da Kiwix, manhajar da ke buɗe irin waɗannan fayiloli. Dabarar kuwa ga ta. Ba a matse kundin duka a dunƙule ɗaya, domin da an yi haka, sai an kwance dukansa kafin a karanta shafi guda. Sai a kasa maƙalu ƙulli ƙulli, a matse kowane ƙulli dabam, sa'an nan a yi fihirisa mai nuna inda kowace maƙala ta ke. In mai karatu ya nemi kalma, manhaja ta duba fihirisa, ta kwance ƙullin nan kaɗai, sauran su zauna yadda su ke. Da haka Wikipedia ta Ingilishi, har da hotunanta, ta ke shiga cikin gigabait ɗari da 'yan kai, watau katin ajiya guda wanda bai fi farce girma ba.

Masu bukata iri biyu suka rungume ta. Na farko su ne waɗanda intanet ta yi wa tsada ko nisa. Saboda su ne cikin 2012 Wikimedia ta Faransa da abokanta suka kafa shirin Afripedia, suka kai wa jami'o'in Afirka masu aiki da Faransanci 'yan ƙananan na'urori masu ɗauke da Kiwix, ɗalibai na kusa su kama da wayoyinsu ko kwamfutocinsu. Na biyu su ne waɗanda hukuma ta tsare wa hanya. Turkiyya ta rufe Wikipedia tun daga Afrilun 2017 har Janairun 2020, cikin 2022 kuma mutanen Rasha suka yi ta sauke kundin sa'ad da aka yi barazanar rufe ta. Abin da ya riga ya shiga aljihu, rufe ƙofa ba ya fitar da shi.

Sai dai lalle mu lura da abu biyu. Fayil ɗin ZIM hoton kundi ne na ranar da aka ɗauke shi. Kuskuren da ke ciki yana nan daram, ko da an gyara shi a intanet washegari. Don haka ne a ke sa shekara da wata a sunan kowane fayil, kamar yadda magabatanmu masu juyar littattafai kan rubuta ranar gamawa a ƙarshen aiki. Ɗalibin da zai kafa hujja da shi wajibi ne ya ambaci wannan lokaci.

Na biyu ya fi nauyi. Mai karatu ta wannan hanya an ba shi ido, ba a ba shi alƙalami ba. Wikipedia ta Hausa ma tana da nata fayil, amma in an aza shi kusa da na Ingilishi, ƙarami ne ƙwarai, gama matsewa ba ta ƙara abin da ba a rubuta ba. Yaron ƙauye da zai buɗe shi ba zai tarar da kome ba sai abin da mu, masu intanet da sanin ƙa'idar rubutu, muka zuba. In mun yi sakaci da ɓ da ɗ da ƙ, haka zai gāje su, ba kuwa shi da ikon gyarawa.