Malam Muhammadu al-Katsinawi, gwanin lissafi

Jama'ar Magariya da Dungas masu koyon karatu, wasunku na cewa lissafi abin Nasara ne, da lakkol ya zo. To, ku saurara.

Tun kafin zuwan Nasara an yi wani malami Bafillace a Katsina, sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna Alƙahira, ƙasar Masar. A shekara ta 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Ai kun san hatimi, kuna ganin shi a allon malamai. Shi ya bayyana yadda ake jera lambobi a gidajensa, ta ko'ina aka haɗa jimla ɗaya ce.

Ku gwada a ƙasa da yatsa. Ku zana gida tara. Sama 4, 9, 2. Tsakiya 3, 5, 7. Ƙasa 8, 1, 6. Ku haɗa a kwance, a tsaye, har a karkace: 15 ne.

Malam bai komo Katsina ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti.