Kujerar Magajin Garin Yamai da Faɗuwar Sawaba: Sake Nazarin Siyasar Djibo Bakary, 1956–1958

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Djibo Bakary (1922–1998) daga zaɓensa magajin garin Yamai zuwa shugabancin gwamnatin Nijar da faɗuwarsa. Matsayarta ita ce, ƙawancen da ya ɗora shi kan kujerar gari a 1956 shi ya kai shi gwamnati a 1957, kuma ta nan aka ɓullo masa a 1958.

Gabatarwa da Bita

An haifi Djibo a Sudure, garinsu ɗaya da Diori Hamani, kuma dangi ne. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya koyar, ya zama babban sakataren jam'iyyar PPN. Ya bar ta ne lokacin da uwar ƙungiyar RDA ta raba gari da 'yan gurguzun Faransa, ya koma ƙungiyar ƙwadago, ya kafa UDN a 1954.

Manazarta sun fi zuba tawada kan zaɓen raba gardama na 1958 kan ci gaba da zama da Faransa. Finn Fuglestad (1973) ya ba raunin cikin gida da kurakuran lissafin Djibo muhimmanci. Klaas van Walraven (2013) kuwa, wanda ya zauna da tsofaffin 'yan Sawaba, jam'iyyar Djibo, da dama, yana kallon abin da Faransa ta yi tamkar juyin mulki, kuma nan Djibo ma ya karkata a littafinsa na 1992. Ban musanta hannun Faransa ba. Makaho ma ya shafa ya ji. Ƙorafina shi ne ana taɓa zaɓen gari na 1956 a wuce, kamar zango ne kawai a hanyar gwamnati, alhali a can aka ƙulla abin da ya warware daga baya.

Hanyar Bincike

An jera sakamakon zaɓuɓɓukan 1956, 1957 da 1958, aka auna su da ayyukan da aka ambata, ana duba wa ke tare da wa a kowane zango.

Yadda Aka Samu Kujerar

A Nuwamban 1956 Yamai ta zaɓi majalisar gari, kansiloli kuma su suka zaɓi magajin gari. Yamai ba gidan Djibo ba ce a siyasance. Yammacin ƙasar na PPN ne, mai alamar giwa. Ƙarfin UDN, mai alamar raƙumi, yana tsakiya da gabas, a ƙasar Hausa: Maraɗi, Tasawa, Damagaram. PPN ce ta fi yawan kansiloli, sai dai ba ta kai rinjayen da za ta naɗa nata ita kaɗai ba. Sai UDN ta haɗa kai da BNA ta Georges Condat da Issoufou Saidou Djermakoye, kujerar ta faɗa hannun Djibo.

A dubi waɗanda aka haɗa. Mutanen UDN su ne 'yan kamasho da direbobin tasha, teloli, leburori, 'yan koli, ƙananan ma'aikatan gidan waya, masu kai saƙon jam'iyya daga kasuwa zuwa kasuwa a bayan babbar mota. Kalmar da suke kira, sawaba, ita ce dai ta bakin 'yan NEPU a Kano, kuma abin da talaka ke nufi da ita sauƙi ne daga haraji da wulaƙancin dogarai. BNA kuwa jam'iyyar sarakuna ce da 'ya'yan sarauta, wato waɗanda ake neman sawaba daga hannunsu. An ɗaure kura da akuya a turke ɗaya.

Da farko abin ya yi riba. Jam'iyyun biyu suka narke cikin MSA, wadda jama'a suka ci gaba da kira Sawaba. A zaɓen majalisar ƙasa na Maris 1957 ta ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta tsira da 19. Ba 'yan tasha kaɗai suka kawo wannan ba. A ƙauye, inda mafi yawan ƙuri'u suke, sarkin kanto kan nuna wa talakawansa takardar da za su jefa. A watan Mayu Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, a ƙarƙashin gwamnan Faransa, a Yulin 1958 kuma ya zama shugabanta.

Amma gwamnati ba majalisar gari ba ce, inda rabon kujeru ke kashe rigima. Magoya baya na jiran a taka wa sarakuna birki, gwamnatin kuwa ta tuɓe wasu daga cikinsu, sauran suka shafa wa gemunsu ruwa. Da taron jam'iyyar PRA na Kwatano ya nemi 'yanci nan take, Djibo ya ce a zaɓen raba gardama a jefa "a'a", Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani. Colombani bai sha wahalar neman abokai ba: Djermakoye da akasarin sarakuna suka koma ɓangaren "i". Ranar 28 ga Satumba, 1958, "i" ta samu kimanin kashi 78 cikin ɗari, waɗanda suka fito zaɓen kuwa ba su kai kashi 40 ba. Barazana da matsin lamba sun yi aiki, amma ta hannun mutanen da Djibo ya jingina da su tun daga Yamai aka aiwatar da su.

Iyakokin Bincike

Za a ce alƙaluman nan na gwamnatin mallaka ne, wadda ita ma 'yar takara ce a fakaice. Na yarda. Sai dai hujjar maƙalar ta fi dogara ga sauyin sheƙar sarakuna, wanda babu ɓangaren da ya musanta. Ba a taɓo yunƙurin makamai na 'yan Sawaba a 1964 ba.

Kammalawa

Sawaba ba ta taɓa mallakar ƙuri'ar karkara da ƙarfin kanta ba. Aro ta yi a 1956, masu kaya suka karɓi abinsu bayan shekara biyu. Gwamnatin Djibo ta sauka a Oktoban 1958, aka haramta jam'iyyar a 1959, shi kuma ya yi gudun hijira har 1974, ya dawo ya sha ɗauri a zamanin Shugaba Kountché. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.